Tsohon Sikelin Bernard da Kwamfutar Kamfani

Ta dalilin littattafai na san Bernard. Bayan shekara talatin da biyar ina koyar da fiziks a makarantun sakandare, ta ƙarshensu a Bwari, na ajiye aiki na tare a gidan da na gina a Jikwoyi, sai na tarar ba ni da wurin ajiye rabin littattafaina. Na yanke shawarar aika su ga makarantar da ta rene ni a Zariya. Wani maƙwabci ya kwatanta mini shagon da ake karɓar kaya a madadin wani kamfanin jigila, a layi na biyu bayan an bar titin Karshi.

Ɗaki guda ne, kanta ta katako ta raba shi biyu. A ƙarshen kantar akwai sikeli mai faffaɗan faranti na ƙarfe, lambobinsa jajaye. Mutumin da ke bayan kantar gajere ne, furfura ta cinye rabin kansa. Kafin ya karɓi kwalina sai da ya goge farantin da tsumma, ya danna maɓalli, ya juyo mini da fuskar sikelin don in ga sifiri da idona. Na yi shekaru ina roƙon ɗalibai su yi wannan kafin kowane awo, kaɗan ne suka riƙe. Daga ranar na zama mai zama a bencinsa.

Tarihinsa a hankali na tattara shi, domin ba mai yawan magana a kan kansa ba ne. An haife shi a wani ƙauye kusa da Pankshin, mahaifinsa kafinta ne a gidan mishan. Ya yi makarantar koyon sana'a a Bukuru, aka ɗauke shi aikin gyaran injin teleks, wato na'urar da ke buga saƙo a takarda daga nesa kafin zuwan wayar hannu. Ya yi Jos, ya yi Kaduna, aka kawo shi Abuja lokacin da ma'aikatu suke tarewa. Yana ji yana gani sana'ar ta mutu a hannunsa: kowace shekara injunan da ake kiransa gyara suna raguwa, har ranar da aka kwashe na ƙarshe a motar gwanjo. An sallame shi yana da shekara arba'in da ɗaya, da mata da 'ya ɗaya, Linda. Sikelin kuwa ya same shi ne a wani ofishin baƙi a Maitama da ke tashi, inda aka fitar da kayan ɗakin wasiƙu ana sayarwa. Da shi ya buɗe shagon, shekara goma sha tara kafin abin da zan ba da labarinsa.

A farkon damina kamfanin ya aiko wa wakilansa sabuwar doka. Daga yanzu ba a yarda wakili ya rubuta nauyin kaya da hannunsa ba. Dole lambar ta tashi daga sikeli ta shiga fom ɗin kamfani a kwamfuta kai tsaye, kuma da zarar ta shiga ta kulle. A babbar ma'ajiyar kamfani za a sake auna kowane ƙunshi, bambanci kuma kada ya wuce giram hamsin. Wanda bai cika wannan sharaɗi cikin wata biyu ba, za a karɓe izininsa. Kamfanin yana da sikelinsa na zamani da yake rabawa, amma waɗanda suka iso sun ƙare a hannun wakilan cikin gari, na Jikwoyi da Kurudu da Orozo aka ce su jira zuwa ƙarshen shekara. Ba wanda ya yi bayanin yadda mutum zai jira wata shida a kan wa'adin wata biyu.

Bernard ya karanta mini saƙon, ya cire tabarau, ya ɗaga sikelin ya juya bayansa. Akwai wata 'yar kafa mai tsinke tara, ƙura ta toshe ta.

"Malam, ka ga wannan? Shekara goma sha tara ina ganinta, ban taɓa tambayar aikinta ba. Wannan bakin magana ne. Abin nan yana magana tun ranar da na saye shi, ba mai saurare."

Na ce, "To ai sai a nemo faifan da ya zo da shi."

Ya yi dariya. "Kamfanin da ya ƙera shi ya riga teleks mutuwa."

Abin da ake buƙata, kamar yadda ya fahimtar da ni, ƙaramar manhaja ce da za ta zama tafinta tsakanin sikeli da kwamfuta. Masu sana'ar suna kiranta direba. Tun da babu inda za a samu ta wannan sikeli, ya ce zai rubuta da kansa. Ya je Wuse ya sayo wayar da ke haɗa tsohuwar kafa da ta zamani, ya ɗauko littafin koyon rubuta manhaja da Linda ta bari lokacin da ta gama kwalejin fasaha, ya riƙa kallon darussa a waya ranar Lahadi bayan an taso daga coci.

Ranar da ya fara haɗa wayar ina wurin. Fuskar kwamfutar ta cika da alamomi marasa ma'ana, suna zubowa ba tsayawa. Ni na ɗauka abin ya lalace. Shi kuwa fuskarsa ta washe kamar wanda ya ji muryar ɗan garinsu a tasha. Ya ce haka teleks ke yi idan mai aikawa da mai karɓa ba su daidaita gudu ba. Ya buɗe littafin rubutu, ya ja layi, ya riƙa gwada gudu ɗaya bayan ɗaya yana rubuta sakamako. A gwaji na uku alamomin suka koma lambobi. Ya ɗora biro a farantin, lambar ta canza a kwamfuta. Ya ɗauke, ta koma sifiri. Ya maimaita wannan ya fi sau goma, ban hana shi ba.

Sikelin yana aiko layi biyar a kowane daƙiƙa. Kowane layi yana ɗauke da nauyi, a gabansa kuma da harafi guda: wani harafin idan kaya yana motsi, wani idan sikelin ya ga ya natsu. Manhajar Bernard, wadda ba ta wuce layi saba'in ba, aikinta ke nan: ta jira harafin natsuwa ya zo, ta ɗauki lambar, ta zuba a fom. Mako uku ya yi yana rubutawa yana gogewa.

Gwaji kuwa nawa ne. Ina da duwatsun awo na tagulla a akwatin katako, waɗanda na saya da kaina a Kaduna tun ina ƙaramin malami, domin na makaranta kullum ana rasa ƙananan. Na kawo su wata Asabar da yamma bayan ya rufe. Muka gwada daga giram hamsin zuwa kilo biyar, sannan muka cika jarkoki da yashi, muka auna su kashi-kashi, muka gwada har kilo arba'in. Sau sittin da huɗu, ba a sami kuskuren da ya wuce giram biyar ba. Na rubuta shaida a takarda, na sa hannu da cikakken sunana da muƙamin da na yi ritaya a kansa. Aka aika wa kamfani, aka ba shi damar farawa.

Mako uku bayan haka saƙo ya zo. Cikin ƙunshi ɗari da arba'in da suka fita daga shagon, talatin da ɗaya ba su dace da awon ma'ajiya ba. Bambancin ya kama daga giram ɗari biyu zuwa giram ɗari tara. Abin da ya fi muni, duk talatin da ɗayan nauyin shago ne ya fi yawa, babu ko guda da ya gaza. Saƙon bai yi amfani da kalmar ha'inci ba, amma duk wanda ya karanta ya san inda aka dosa. Wata jami'a mai suna Bilqis za ta zo ranar Alhamis ta mako mai zuwa. Idan ba a sami bayani mai gamsarwa ba, a ranar za a rufe masa fom.

Kwana takwas muke da su, kuma dole in faɗi cewa uku daga ciki ni na ɓata. Na ce masa laima ce. Yawancin kayan abinci ne, an ɗaure su cikin damina, suna bushewa a hanya. Na yi masa bayani har da zane. Muka zuba acca da busasshen kifi a kwali, muka ajiye kwana uku a wuri mai zafi, muka sake aunawa. Giram goma sha biyu suka ragu. Bernard ya dubi lambar, ya rubuta ta a littafinsa. Muka gwada karkatar kanta, muka gwada iskar fanka, muka gwada lokacin da wuta ta ɗauke aka koma kan batir. Da duwatsuna sikelin bai taɓa kuskure ba.

Ranar Litinin ya shimfiɗa jerin sunayen waɗanda suka aika ƙunshi ɗari da arba'in ɗin a kan kanta yana bi da yatsa.

"Malam, dubi nan. Masu sayar da takalma ta waya, babu nasu ko ɗaya. Mai kayan gyaran janareta ya aika sau tara, duk daidai. Waɗannan kuwa," ya ƙwanƙwasa takardar, "duk iyaye mata ne. Wannan ɗanta yana jami'a a Nsukka. Wannan 'yarta ta haihu a Legas. Me kwamfuta ta sani game da uwa?"

Na ce gobe zan zauna tun daga buɗewa zuwa rufewa, in ga aikin yadda yake, domin duk gwaje-gwajenmu bayan an tashi muka yi su.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Talata Maman Nathan ta shigo da kwali a ka. Mace ce mai jiki da murya, tana sayar da kayan miya a bakin titi, ɗanta Nathan soja ne a wajen Maiduguri. Kowane wata tana aika masa acca da yaji da garin kunun tamba.

"Baban Linda, ka rame! Wannan kwamfuta naka yana shan jinin ka ne?"

"Ke dai kawo kaya, Mama. Yaya labarin soja?"

"Ya kira Lahadi. Ya ce yaji na wancan wata, oga nasu ya cinye rabi. Na ce ya gaya wa oga shi ma yana da uwa, ya kira nashi."

Bernard ya goge faranti, ya nuna mata sifiri, ta ɗora kwalin. Sannan ta shimfiɗa tafukanta biyu a kansa, ta rufe ido, ta fara addu'a. Bernard ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai, shi ma ya rufe ido. Ni da yake Musulmi ne, don girmamawa sai na kawar da kaina daga fuskarta. Inda idona ya sauka shi ne fuskar kwamfuta. Ina kallo lambar ta hau, ta yi rawa kaɗan, sai fom ya cika: kilo shida da giram ɗari bakwai da arba'in. Ya kulle. Tana ta roƙon Allah ya tsare yaron daga harsashi da nakiya da mugun aboki, ta kai minti biyu. Suka ce amin tare. Ta ɗauke hannu. Jajayen lambobin sikelin suka sauka zuwa kilo shida da giram ɗari biyu.

Na ce, "Bernard, dubi sikelin, sannan ka dubi kwamfutar."

Ya duba. Ya sake dubawa. Ya zauna a kujerarsa a hankali da hular a hannu.

Al'ada ce da ta kafu a shagon ba tare da wani ya kafa ta ba. Farantin sikeli shi ne wuri na ƙarshe da mai aike ke taɓa kayansa, daga nan sai a liƙa takarda a wuce da shi bayan kanta. Don haka a nan iyaye suke yin addu'a. Kiristoci suna ɗora hannu su yi da murya, Musulmi suna ɗora hannu su karanta a hankali su tofa. Shekara goma sha tara Bernard yana jiran a ce amin kafin ya karanta lamba, bai taɓa lissafa wannan jiran a cikin matakan aikinsa ba, saboda haka bai rubuta shi a manhaja ba. Tun da aka fara sabon tsari kuma ya daina duba jajayen lambobin, ya bar wa kwamfuta. A daidai lokacin da kuskuren ke aukuwa, idonsa a rufe yake.

Ya gwada hanya mafi sauƙi nan take.

"Mama, daga yau za ki riƙa yin addu'a a kan bencin can kafin ki ɗora."

Ta riƙe ƙugu. "A benci? Inda kowa yake sa ɗuwawu? Baban Linda, kai dattijon coci ne fa. Kwamfuta naka ne zai bi yaro na zuwa daji? In shi ba zai iya jira a gama da Allah ba, ka kashe shi."

Bayan ta tafi na ba shi shawara ya sa maɓalli, sai ya danna sannan lamba ta shiga. Ya girgiza kai. Ya ce mutumin da ake zargi da ƙara nauyi ba zai je gaban jami'a ya ce a ba shi ikon zaɓar lokacin ɗaukar lamba ba. Za ta ce to me zai hana ya danna lokacin da babban yatsansa ke kan faranti? Gaskiyarsa ce.

Ya ce in ɗora hannuna a kan jarkar yashi in tsaya cak iyakar iyawata. Shi kuma ya buɗe layukan da sikelin ke aikowa, ɗanyensu, kafin manhaja ta taɓa su. Na riƙe numfashi. A ganina ko gashin hannuna bai motsa ba. Amma lambobin suna ta sauyawa: ɗari bakwai da arba'in, da arba'in da biyar, da talatin da biyar, da arba'in. A gaban kowanne kuwa harafin natsuwa yana nan, domin sikelin yana yafe ƙaramar rawa irin wannan. Na ɗauke hannu. Lamba guda ta riƙa maimaita kanta, layi bayan layi, ba ta gusa ba.

Ya ce, "Hannun mai rai ba ya tsayawa, Malam. Jini yana tafiya a ciki."

Gyaran layi shida ne. Ya hana manhajar yarda da harafin sikelin. Sai ta ga lamba ɗaya tak sau goma sha biyar a jere, wato daƙiƙa uku cur, sannan ta aika. Ya gama ranar Laraba da la'asar. Illarsa guda ce da muka gano: idan fankar sama tana kan gudu na ƙarshe, kwali marar nauyi ba ya natsuwa, dole a rage ta.

Bilqis ta iso ranar Alhamis da hantsi, matashiya mai tabarau da jakar kwamfuta, ta gaishe mu da ladabi amma ba ta zauna ba. Ta saurari bayanin har ƙarshe ba ta katse shi ba.

"Baba, na zagaya wakilai ashirin da biyu a wannan watan. An ce mini ɓera, an ce mini NEPA. Addu'a dai yau na fara ji."

"Ranki ya daɗe, ban ce ki yarda da bakina ba. Ga jarka, ga faranti. Ki cuce ni in kin iya."

Ta ajiye jaka. Ta ɗora yatsa ɗaya a kan jarkar, ta jira. Fom bai cika ba. Ta ɗora tafin hannu, ta jingina gwiwar hannunta da kanta don ta sami ƙarfi. Minti guda ya wuce. Ta sauya hannu, ta riƙe numfashi har na ga jijiyar wuyanta. Daga baya ta gwada ɗaga jarkar kaɗan ta ƙasa don nauyin ya ragu. Duk bai karɓa ba. Da ta janye, kafin ta gyara mayafinta lamba ta shiga. Ta fiddo nata dutsen awo na kilo biyu daga jaka, ta gwada sau biyar. Ta nemi ganin abin da ya rubuta, ta karanta layi-layi, ta tambaye shi dalilin goma sha biyar, ya ce ya gwada goma, hannun Malam ya taɓa tsallakewa sau ɗaya.

"Waɗancan talatin da ɗayan fa? An caji mutane fiye da kayansu."

"Na san gidan kowace. Zan bi su da kaina in yi musu bayani."

Ana cikin haka wata dattijuwa ta shigo da ƙullin kuka da daddawa za ta aika wa 'yarta a Ibadan. Bilqis ta ce a yi aikin a gabanta yadda aka saba. Matar ta ɗora kayan, ta ɗora hannu, leɓɓanta suna motsi. Addu'ar ta yi tsawo. Bilqis ta dubi agogo sau ɗaya, sannan ta saki hannunta ta tsaya. Fom yana nan fari. Matar ta tofa, ta shafa, ta ja baya. Daƙiƙa uku, lamba ta shiga, daidai da jajayen lambobin da ke kan sikelin.

Bilqis ta buɗe kwamfutarta a kan kanta ta yi rubutu mai ɗan tsawo. Ta ce ba za ta iya ba da izini na dindindin ba, wannan sai manyanta, amma ta ba shi wata uku, ma'ajiya za ta ci gaba da sa ido a kan kowane ƙunshi. Ta juyo masa da na'urar ya karanta kafin ya sa hannu. Ya karanta har ƙasa, ya nuna mata inda ta rubuta layi saba'in, ya ce saba'in da shida ne yanzu. Ta gyara.

A cikin wata ukun ƙunshi ɗari huɗu da tamanin da biyu suka fita daga shagon. Na ga rahoton ma'ajiya da idona: bambanci mafi girma giram ashirin da biyar ne. Ranar ɗaya ga watan Nuwamba aka sabunta izinin Bernard na shekara biyu.